Shin folima za ta rage wa famfon markaɗen takarda wahala?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai kula da injina a wata ƙaramar masana'anta da ke Kakuri, inda suke jiƙa tsofaffin kwalaye da takardu, su markaɗa, su buga kiret ɗin ƙwai. Wani dillalin sinadarai ya kawo musu farin gari ya ce folima ce, idan an zuba 'yar kaɗan a markaɗen za ta rage gogayyarsa da bututu fiye da rabi, famfo ya huta, janareto ya rage shan dizal. Bututunsu inci 4 ne, tsawonsa kamar mita 150, kaurin markaɗen da ke fitowa daga tanki kuma kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Yana so ya san ko maganar gaskiya ce, kuma ko ya saya.

Malam, abin da dillalin ya faɗa yana da tushe a ilimi, an daɗe da saninsa. Sai dai sharaɗin da ke sa abin ya yi aiki babu shi a layin da ka kwatanta, kuma ko da akwai shi, lissafin kuɗin ba zai fita ba a gajeren bututu irin naku. Kada ka sayi buhu ko ɗaya sai ka auna. Zan bi da kai ta dalilan dalla-dalla, domin gobe idan wani ya sake zuwa da irin wannan tayi ka san abin da za ka tambaye shi.

Ruwa a cikin bututu gudu iri biyu yake yi. Idan a hankali yake tafiya, ko bututun siriri ne ƙwarai, ko ruwan mai danƙo ne, yakan tafi a natse, layi-layi, kowane sashe yana zamewa a gefen na kusa da shi. Da gudun ya ƙaru sai ya hargitse, ya cika da ƙananan juye-juye da ke kai da komo. Osborne Reynolds ne ya nuna wannan a Manchesta a 1883, ta hanyar ɗura siririn rini a tsakiyar bututun gilashi yana kallon lokacin da layin rinin zai watse. Lambar da ake kira da sunansa ana samunta ne idan aka ninka gudun ruwa da faɗin bututu aka raba da danƙon ruwan. Ƙasa da 2,000 gudun a natse yake, sama da 4,000 ya hargitse. Tsabar ruwa a bututun inci 4 da ke gudun mita 2 a sakan lambarsa ta haura 200,000.

A irin wannan gudu, waɗannan juye-juyen ne ke cinye ƙarfin famfo. Suna ɗauko ruwa mai sauri daga tsakiya su maka shi a jikin bututu, su kwaso na jikin bututu mai nawa su jefa tsakiya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne inda ake haifarsu: wani ɗan siririn shimfiɗi ne da ke manne da bangon bututu. A bututunka, da wannan gudun, kaurin shimfiɗin bai kai rabin milimita ba. Duk rigimar daga nan take tashi, kuma a nan folima take aikinta.

A 1948 wani masanin sinadarai ɗan Ingila, B. A. Toms, ya gabatar a wani taro a ƙasar Holan cewa ɗan ƙanƙanin folima da aka narkar a wani ruwan sinadari mai hargitsattsen gudu yana rage matsin da ake buƙata don tura shi. Folimar da ke yin wannan doguwar sarƙa ce siririya. Ɗauki wadda ake rubuta wa PEO a jikin buhu, mai nauyin ƙwaya miliyan 4: sarƙa ɗaya tana da gaɓoɓi kusan 90,000. Idan ruwa na zaune a nannaɗe take, amma idan aka ja ta ta miƙe tsawonta yakan kai kusan kashi 3 cikin 100 na milimita. Ƙananan juye-juyen da ke jikin bango suna jan ruwa suna miƙar da shi, sarƙar kuma tana tirjewa, sai ta kashe musu kaifi tun suna jarirai, shimfiɗin nan ya ƙara kauri, ruwan tsakiya ya samu ya wuce ba tare da ana yawan janyo shi baya ba. Ka ɗaga ludayi daga tukunyar miyar kuɓewa ka ga yadda yauƙin ke bin ludayin yana ƙin tsinkewa: wannan ƙin tsinkewar ce ake saya da kuɗi, sai dai a bututu ana so ta yi ƙanƙanta har ido ba zai gane an sa wani abu ba. Giram 5 zuwa 50 a cikin lita 1,000 sun isa.

Abu biyu ka lura da su. Na farko, ragin yana da iyaka. P. S. Virk ya nuna a shekarun 1970 cewa komai yawan folimar da ka zuba akwai layin da ba a tsallakewa, kuma a aikace ragin yakan tsaya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Na biyu, wanda ya fi shafarka: idan gudun bai hargitse ba, folima ba ta da abin da za ta kwantar. A natsattsen gudu ba ta rage komai, ƙara danƙo ma take yi.

Inda abin ya yi suna shi ne bututun ɗanyen mai na Alaska, mai faɗin inci 48 da tsawon kusan kilomita 1,300. An fara ɗura masa folima a 1979, kuma a 1988 yana ɗaukar ganga miliyan 2 a rana, adadin da famfunansa ba za su iya ba in ba da ita ba. 'Yan kwana-kwana na birnin Niyu Yok sun gwada ta a tiyonsu wajen farkon shekarun 1970, an kuma yi amfani da ita a magudanar ƙazanta ta birnin Biristol don ta ɗauki ruwa mai yawa lokacin ruwan sama mai ƙarfi. Duba abin da ya haɗa su: ko dai layin dogo ne ƙwarai, ko kuwa bututun ya cika ya kasa kuma sauya shi zai ci dukiya, sannan ruwan sau ɗaya yake wucewa ba ya dawowa. A nan gida, layin da ya yi kama da wannan shi ne wanda aka shimfiɗa don kawo ɗanyen mai daga Eskirabos ta Warri zuwa matatar Kaduna, ɗaruruwan kilomita. Mita 150 wata duniya ce daban.

Yanzu mu zo kan abin da ke cikin bututunka, domin markaɗen takarda ba ruwa ba ne, kuma mafi yawan kuskuren da ake yi daga ɗaukarsa ruwa ne. Kowane silin zaren itace tsawonsa milimita 1 zuwa 3, kaurinsa kuma bai kai na gashin kai ba. Zaruruwan ba zama suke kowa da gefensa ba, sarƙewa suke yi da juna. Richard Kerekes na ƙasar Kanada ya kawo hanya mai sauƙi ta auna wannan cunkoso: ka ƙaddara sili ɗaya yana jujjuyawa ya zana ƙwallo, sai ka ƙirga silin da ke cikin wannan ƙwallon. Idan ba su kai 1 ba kowa na yawonsa. Idan suka haura 60 sun kulle juna sun zama raga mai ƙarfin kanta. A kaurin kashi 3, ko da zaren milimita 1 ne, adadin yakan wuce 100. Wato abin da famfonka ke turawa raga ce jiƙaƙƙiya.

Da za ka sa guntun bututu mai nuna ciki a layinka, ga abin da za ka gani yayin da kake ƙara gudu. Da farko markaɗen gaba ɗayansa zai riƙa tafiya a dunƙule, sanda guda, babu wani motsi a cikinsa, gefensa yana gugar bango kai tsaye. Za ka ga 'yan guntayen zare suna tsinkewa daga gefen suna mirginawa a jikin bango. A nan gogayyar ta ninka ta tsabar ruwa sau da yawa. Ka ƙara gudu, sai wani abin mamaki ya faru: dunƙulen ya ɗan tsuke, siririn zoben ruwa garau wanda bai kai milimita ba ya bayyana tsakaninsa da bango, allurar ma'aunin matsi ta daina hawa, har ma ta ɗan sauko alhali gudu ƙaruwa yake. Dunƙulen yana zamewa ne a kan wannan zoben. Ka ci gaba da ƙarawa, zoben ya fara hargitsewa, ya riƙa yagar zare daga gefen dunƙulen, dunƙulen yana ramewa daga waje zuwa ciki. A wani mataki sai gogayyar markaɗen ta zo daidai da ta tsabar ruwa, daga nan kuma ta koma ƙasa da ita. Robertson da Mason sun bayyana waɗannan matakai a Kanada a 1957, Geoffrey Duffy na Jami'ar Okland a Niyu Zilan kuma ya shafe shekaru yana auna su har ya fitar da ƙa'idojin da masu zana bututun masana'antar takarda ke aiki da su.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan ita ce amsar tambayarka. Tana ba da gudun da markaɗe zai kai kafin gogayyarsa ta sauko daidai da ta ruwa. A kaurin kashi 1, kusan mita 1.2 a sakan. A kashi 2, mita 3.2. A kashi 3, mita 5.7. A kashi 4, mita 8.5. An fitar da lambobin ne da sabon markaɗe mai dogon zare, naku na tsohon kwali zai ɗan yi ƙasa da haka, amma yanayin hawan ɗaya ne. Babu mai tura markaɗen kashi 3 ko 4 da gudun mita 6 ko 8 a sakan, galibi tsakanin mita 1 ne da 2 da rabi. Don haka layinka yana can yankin dunƙule. Tirjiyar da famfonka ke fama da ita ta ragar zare ce da ke gugar bango, ba ta juye-juyen ruwa ba. Idan zoben ruwan ya fara hargitsewa folima na iya ɗan taɓa shi, amma batun rage rabi bai taso ba.

Ina ganin daga inda dillalin ya samo ƙwarin gwiwarsa, kuma wannan ɓangaren shi ne ya fi burge ni a fannin gaba ɗaya. Zare shi kaɗai, ba tare da folima ba, yana rage gogayya idan markaɗen tsinkakke ne kuma yana gudu da kyau. Forrest da Grierson sun lura da haka tun 1931, shekaru kafin Toms. Amma wurin aikinsa daban ne da na folima. Silin milimita 2 ba zai shiga shimfiɗin da bai kai rabin milimita ba, don haka a tsakiyar bututu yake aiki, yana tare manyan juye-juye yana hana su kai da komo. Folima kuwa tana can jikin bango. Tunda kowa da fagensa, idan aka haɗa su ragin yakan zarce jimillar abin da kowanne zai bayar shi kaɗai. A 1974 Lee da Vaseleski da Metzner na Jami'ar Delawaya a Amurka suka auna ragin da ya haura kashi 95 cikin 100, wato sun tsallake iyakar da folima kaɗai ba ta tsallakewa.

Sai dai ka dubi yanayin da aka samu wannan lamba. Zaruruwa ne sirara ƙwarai masu tsawo da laushi, irin na asbestos da nailan, an zuba su kaɗan ƙwarai, a ruwa mai tsabta. Asbestos dai yanzu an san yana jawo ciwon dajin huhu, ba abin taɓawa ba ne. Zaren tsohon kwali kuwa an jiƙa shi an busar sau da dama, ya gajarce, ya ƙage, ga ƙura da sitaci da gam da farar ƙasa a tare da shi. A masana'antarku wurin da wannan haɗin gwiwa zai iya bayyana shi ne layin da ke bayan tsinkawa, inda kauri ya sauko wajen kashi 1 kafin a kai injin bugawa, kuma wannan layin galibi 'yan mitoci ne.

Akwai kuma maganar wace folima ce a buhun, domin farin gari duk kamarsu ɗaya a ido. Zaren itace a cikin ruwa cajin negetif yake ɗauke da shi. Idan garin PAM ne, wato folimar da ake haɗawa daga sinadarin akirilamayid, kuma mai cajin fozitif, nan take zai manne a jikin zare, ya ɗinke wannan sili da wancan, ya cura su gudaji-gudaji. Masu yin takarda suna sayensa takanas don wannan aiki, don ya riƙe ƙura da farar ƙasa kada su bi ruwa, ana kuma amfani da danginsa wajen tace ruwa. Amma sarƙar da ta manne a zare ta bar cikin ruwa, babu abin da za ta yi a jikin bango, ga shi ta ƙara wa ragar ƙarfi. Idan PAM mai negetif ne, zare ba ya jansa, yana zama cikin ruwa, shi ne ya dace da rage gogayya. Matsalarsa gishirin ruwa: sinadarin kalsiyam da ke narkewa daga farar ƙasar tsohuwar takarda, ko alif idan kuna sawa, suna sa sarƙar ta ƙudundune ta daina miƙewa da kyau. PEO ba ta da caji, amma kulorin da tsatsa da zafi suna cinye ta, kuma ta fi kowa saurin tsinkewa. Ka tambayi dillalin abu huɗu a rubuce: sunan folimar, nauyin ƙwayarta, cajinta, da yawan ragowar akirilamayid da ke ciki. Nauyin da bai kai miliyan ɗaya ba ba ya taɓuka abin kirki a wannan aiki. Na ƙarshen kuma batun lafiya ne, domin akirilamayid da bai haɗu ya zama sarƙa ba guba ne ga jijiyoyi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha rabin maikirogiram a lita. Kiret ɗin ƙwai kusa da abinci yake zama, ma'aikata kuma hannunsu na cikin ruwan nan yini guda.

Tsawon sarƙar da ke ba ta amfani shi ne kuma rauninta. Idan ta bi ta farfelar famfo, ko bawul ɗin da aka tsuke, jan da take sha yakan tsinka ta a tsakiya, kuma abin da ya tsinke ba ya komawa. Rabin sarƙa ba ya yin rabin aiki, ƙasa da haka yake yi sosai. Shi ya sa a dogayen bututun mai ake ɗura ta bayan famfo, a sake ɗurawa bayan kowace tasha. Ku kuwa ruwanku zagayawa yake yi: daga injin bugawa ya koma tanki, ya koma wurin markaɗe inda wuƙaƙe ke dukansa, ya sake bi ta famfo. Kowane zagaye sai ka zuba sabuwa, tsinkakkiyar kuma tana nan tana taruwa a ruwan.

To mu yi wa dillalin rangwame, mu ce komai ya tafi daidai, mu lissafa kamar tsabar ruwa ne a layin. Bututun inci 4 da gudun mita 2 a sakan yana ɗaukar kusan lita 58,000 a awa. Gogayya a bututu mai santsi tana cin kusan mita 3.3 na tsayin ruwa a kowace mita 100, wato mita 5 a naku. Ƙarfin da wannan ke cinyewa bai kai kilowat 1 ba, idan aka haɗa da asarar famfo ya zama kamar kilowat 1.3. Rage kashi 40 na wannan rabin kilowat ne, wato rabin yunit na wuta a awa, dizal ɗin da bai kai kwatan lita ba. Folimar kuma, a giram 20 cikin lita 1,000, ta haura kilo 1 a kowace awa. Ka tambayi kuɗin kilo ɗaya na garin ka ajiye kusa da kuɗin kwatan litar dizal. Kuma ka tuna ragin na miƙaƙƙen bututu ne kawai. Tsayin da ake ɗaga markaɗen zuwa saman tanki yana nan yadda yake, abin da gwiwoyi da bawul ke ci shi ma kusan yana nan.

Wani abin da ake yawan mantawa: famfo mai farfela ba ya rage shan wuta don kawai hanya ta yi masa sauƙi. Idan tirjiya ta ragu ƙara yawan ruwa yake yi, kuma irin famfunan da muke da su yawanci wutar da suke ja ƙaruwa take da yawan ruwan. Ba za ka ga ragi a janareto ba sai ka rage gudun injin famfon da na'urar sarrafa gudu, ko ka rage faɗin farfela, ko ka gajarta lokacin aiki.

Abin da ya fi damuna game da sana'arku shi ne injin bugawa. Kiret yana samuwa ne idan iska ta tsotse ruwa ta cikin ragar mulu mai siffar kiret ta bar zare a kai. Folima mai yauƙi tana jinkirta wannan tsotsar. Masu yin takardar hannu a Japan sun san haka tun ƙarnoni: suna jiƙa saiwar wani tsiro ɗan'uwan kuɓewa na jini, su zuba yauƙinsa a kwamin markaɗe, domin ya raba dogayen zaruruwa kada su cure, ya kuma sa ruwa ya tsane a hankali har mai aiki ya samu damar jijjiga ragarsa ya daidaita shimfiɗin. Masu yin takardar goge hannu na zamani suna sa PEO ko PAM don wannan dalili. A wurinsu jinkirin alheri ne. A wurinka kiret zai fito da ruwa fiye da da, injin ya rage bugu a minti, shanya ta ƙara tsawo. Wanda ya taɓa jiran kiret ya bushe a watan Agusta a Kaduna ya san abin da ƙarin ruwa kaɗan ke nufi. Kana iya tsimin kwatan litar dizal a famfo ka biya ninkinsa a wurin busarwa.

Tunda an ambaci kuɓewa, wani zai ce me zai hana a yi amfani da tamu ta gida. An gwada yauƙinta a ɗakunan bincike a Barazil da Malesiya, kuma yana rage gogayya, haka ma garin guwa da zantan da ake kaurara abinci da su. Irin waɗannan da ake samu daga halittu sun fi jure dukan famfo, amma sai an zuba ninkin ba ninkin na abin da ake zubawa na PEO, kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta. A ruwan markaɗe mai ɗumi da ke cike da sitaci, ga zafin Maris da Afrilu, tsami da wari za su riga amfanin zuwa. Fage ne da ya cancanci ɗaliban injiniya na Kaduna Poli da na Jami'ar Ahmadu Bello su shiga da gaske, musamman a haɗa shi da zaren rama, wanda ɓawonta ke ba da dogon sili kuma ƙasarmu ke nomawa. Rashin dogon zare na gida yana cikin abin da ya dami masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Amma wannan aikin bincike ne, ba abin da za ka ɗora kasuwancinka a kai bana ba.

Idan famfonka na wahala, ga inda zan fara dubawa. Iska tukuna. Markaɗe yana riƙe kumfa, kuma iska kashi 1 ko 2 kacal tana karya ƙarfin famfo, ta taru a idon farfela. Ka duba ko ruwan da ke dawowa tanki faɗowa yake daga sama yana kumfa, ko bakin tsotso ya yi kusa da saman markaɗen har yana jan iska. Bututun tsotso ya zama gajere, miƙaƙƙe, ya fi na turawa faɗi. Farfelar ta zama buɗaɗɗiya irin ta markaɗe, ba rufaffiya ta tsabar ruwa ba, a kuma cire leda da igiya da tef ɗin kwali da ke naɗe mata. Sai kauri: tsakanin kashi 3 da kashi 4 tazara ce babba, gogayya na iya kusan ninkawa, don haka daidaita shi ya tsaya wuri ɗaya ya fi kowane sinadari. Idan akwai bawul da kullum a rabi yake, famfon ya fi ƙarfin layin ne, kuɗinka a nan yake ƙonewa. A layin ruwa da na tsinkakken markaɗe kuma faɗin bututu shi ne sarki: daga inci 4 zuwa 5, da yawan ruwa ɗaya, gogayya tana komawa kashi ɗaya cikin uku, zuwa inci 6 kuma kusan ɗaya cikin bakwai. Sau ɗaya za ka biya wannan. A layin mai kauri ribar faɗaɗawa ba ta kai haka ba, kuma idan gudu ya yi ƙasa ƙwarai ruwa na iya rabuwa da zare bututu ya toshe, don haka a can a yi hattara.

Duk da haka ina so ka gwada, domin ruwanku da zarenku su ne alƙalai. Ka nemi dillalin ya ba ka kilo ɗaya. Ka zaɓi miƙaƙƙen sashe a layin tsinkakken markaɗe, ka bar aƙalla mita 5 bayan gwiwa ta ƙarshe, ka huda ƙananan ramuka biyu a gefen bututu, ba a sama ko ƙasa ba, tazarar mita 10 tsakaninsu, ka goge bakinsu ta ciki kada ya bar ƙaya. Ka haɗa su da farin tiyo mai nuna ciki irin na magina, ka ɗaga tsakiyarsa sama ka rataye yadda iska za ta zauna a ƙololuwa, ka cika ƙafafunsa biyu da tsabar ruwa don zare kada ya toshe. Bambancin tsayin ruwa a ƙafafun shi ne gogayyar, kuma da gudun mita 2 a sakan za ka ga wajen santimita 30 zuwa 35, abin da tef ɗin awo zai karanta ba wahala. Yawan ruwa kuma ka auna da durom na lita 200 da agogon waya. Kauri ka tace lita ɗaya a ƙyalle, ka busar sarai, ka auna.

Narkar da garin yana son haƙuri. Giram 1 zuwa 2 a kowace lita, ana barbaɗawa kaɗan-kaɗan a kan ruwa mai juyawa a hankali. Idan ka juye shi gaba ɗaya zai yi gudaji masu santsi a waje da busasshen gari a ciki, ba za su narke ba har gobe. A bar shi ya kwanta aƙalla awa ɗaya, kada a buga shi da injin mai gudu, a yi amfani da shi a ranar. Wanda ya zube a ƙasa a share shi a bushe, domin da ruwa ya taɓa shi daɓen ya zama tarko. A ɗura shi bayan famfo, ba gabansa ba.

Awo huɗu za ka yi, duka da yawan ruwa ɗaya: tsabar ruwa, ruwa da folima, markaɗe, markaɗe da folima. Na biyun zai gaya maka ko garin na kirki ne. Na huɗun zai gaya maka ko yana aiki a ruwanku. Sannan ka bar markaɗen mai folima ya zagaya ta famfo, kana karanta tiyon bayan kowane zagaye, ka ga saurin da ragin ke gushewa. A wannan ranar kuma ka ɗebi kiret goma daga injin bugawa kafin a sa folima da goma bayan an sa, ka ɗora su a sikeli suna jiƙe. Idan na bayan sun fi nauyi, ka lissafa itace ko gas ko kwanakin shanyar da ƙarin ruwan zai ci, ka haɗa da kuɗin garin, sannan ka cire daga abin da tiyon ya ce ka samu.